Shawarwarin majalisa kan mawaƙan da suka riga mu

Jiya a majalisa hira ta kai mu kan Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura, amma har gobe muryarsa na tashi a tashoshin mota. Yawancinmu mun ce duk mai tsohon kaset ya fito da shi a juye a waya kafin zaren ya lalace. Wannan ta taɓa ni ƙwarai, domin zafi da ƙura sun cinye na mahaifina. Wani dattijo ya ce a tallafa wa mawaƙi tun yana jinya, kada a jira ranar zaman makoki. Ya ƙara da cewa a riƙa leƙa 'yan amshi, makaɗan kalangu da marayun da aka bari. Allah ya jiƙansu.