Tsofaffin kwamfutoci da batura: ina ya dace a kai su?

Abu Safwan:
Assalamu alaikum. Ofis ne zai kwashe tsofaffin kaya daga sito: kwamfutocin tebur 12, monita masu tozo 5, laftof 3 waɗanda baturin ɗaya ya kumbura, sai baturan UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke. Akwai dokar da ta hana a zuba su a juji ko a sayar wa masu sayen ƙarfe? Kuma da wanne ya kamata a fara?

Injiniya:
Wa alaikumus salam, Malam. A fara da batura, don su ne ke tayar da gobara. Baturin litiyom da ya kumbura iska ce ta taru a cikinsa, har ka ga ya ɗaga madannan laftof ɗin. Kada a sa shi caji, kada a matsa shi, kada a zungure shi da sukudireba. In ya huje sai ya ɗau zafi ya kama wuta da kansa, kuma wutar tana iya sake tashi bayan an kashe. A cire shi a hankali, a naɗe bakinsa da baƙin tef na lantarki, a sa a bokitin ƙarfe mai yashi, nesa da takardu da rana. Sauran ma kowanne a rufe bakinsa, domin batura biyu da suka gogi juna a kwali ɗaya sun isa su tayar da tartsatsi.

Baturin UPS kuwa dalma ce da asid. A ajiye shi a tsaye, kada a fasa, kada a tsiyaye ruwansa a ƙasa.

Monita mai tozo gilashinta na ɗauke da dalma da kan kai kilo ɗaya ko fiye, kuma tana riƙe wuta a ciki ko an zare ta daga soket. A bar ta a rufe yadda take. Tsofaffin allunan laftof ma akwai siririn kwan fitila mai zaiba a cikinsu.

Barista:
Dokar ta danganta da ƙasa, sai a tuntuɓi hukumar kula da muhalli a nemi sunayen kamfanonin da ta ba lasisi. Amma a ƙasashe da dama tushen ɗaya ne: wanda ya ƙera kaya ko ya shigo da su shi ke da alhakin karɓarsu in sun mutu. A kan haka Tarayyar Turai ta gina dokarta ta sharar kayan lantarki, wato WEEE, kuma alamar kwandon shara da aka soke da layi a jikin caja na nufin ba a haɗa shi da sharar gida. Ketare iyaka da irin wannan shara kuwa Yarjejeniyar Basel ta 1989 ce ke kula da shi, kuma tun 1 ga Janairun 2025 sai ƙasar da za a kai wa sharar lantarki ta amince tukuna. Yarjejeniyar Bamako ta 1991 ta haramta shigo da shara mai guba cikin Afirka.

Abin da ke damuna da mai saye marar lasisi shi ne inda kayan ke ƙarewa. Ƙona waya ake yi don a fitar da jan ƙarfe, robar ta saki hayaƙi mai guba, a watsar da gilashin. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce tan miliyan 62 na sharar lantarki aka samar a duniya a 2022, kashi 22 cikin ɗari kawai aka tabbatar an sarrafa bisa ƙa'ida. Don haka ku karɓi takarda mai ɗauke da lambar kowace na'ura da ranar karɓa.

Umman Hanan:
Allah ya saka, Barista. Saura bayanan da ke cikin kwamfutocin. Fomat na gaggawa ba ya share komai, sunayen fayiloli kawai yake ɓoyewa, ana iya dawo da su da manhaja. Faifan ajiya mai juyawa a rubuce kansa kaf da sifili, in ya mutu a huda shi wuri uku ko huɗu ta kan farantin. SSD, wato ma'ajiyar zamani da ba ta juyawa, ba ta da faranti, hudar na iya kauce wa ƙwayoyin ajiyar, sai a yi amfani da umarnin gogewa na kamfanin da ya ƙera ta.

Injiniya:
Haka ne, Hajiya. Kuma a gwada kwamfutocin tebur ɗin kafin a fitar. Sau da yawa akwatin wuta ne kawai ya ƙone, ko ɗan baturin CR2032 na kan babban allon cikin kwamfutar ya mutu. Wadda ta tashi a sa mata sabon faifai ta koma aiki.