In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya: hikima ce ko mafakar masu sauya sheƙa?

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana na wannan zaure. Jiya bayan sallar isha'i gardama ta kaure a majalisarmu kan wani wakilinmu da ya sake sauya sheƙa, har wani magoyin bayansa ya nemi rufe bakin kowa da cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Wani dattijo da ya koyar da tarihi kafin ya yi ritaya ya ce wannan magana ba ta wanke kowa, kuma duk mai son ya gwada ta ya nemi labarin wani ministan Ingila mai suna Joseph Chamberlain. Bai kai ga bayani ba aka watse. Shin magabata sun faɗi wannan magana ne domin yabon mai wayo, ko domin yi masa shaguɓe? Kuma me ya haɗa ta da wannan Bature?

Malam Na Zazzau:
Wa alaikumus salam, Ɗan Gwale. Dattijon naku ya iya zaɓen misali. An haifi Chamberlain a Landan a 1836, yana ɗan shekara 18 aka tura shi Birmingham ya shiga kamfanin danginsa na ƙera sukuru, inda ya tara dukiyar da ta ishe shi barin kasuwanci tun kafin ya cika shekara arba'in. Ya zama magajin garin Birmingham a 1873, kuma a cikin shekara uku ya sa hukumar birnin ta saye kamfanonin iskar gas da na ruwan sha daga hannun 'yan kasuwa, ta kuma ƙaddamar da shirin rushe wasu unguwanni marasa tsafta domin a shimfiɗa babban titi a wurinsu. Ya shiga majalisar dokoki a 1876 a ƙarƙashin jam'iyyar Liberal ta masu sassaucin ra'ayi, kuma a 1880 Firayim Minista Gladstone ya ba shi ministan ciniki.

A wancan lokaci shi ne dodon masu manyan gandaye da 'ya'yan sarauta, domin yana neman a yi karatun firamare kyauta, a faɗaɗa 'yancin jefa ƙuri'a, a kuma ba ma'aikatan gona filayen kansu. A 1883 ya tsaya a gaban jama'a ya kira Lord Salisbury, jigon jam'iyyar Conservative ta 'yan mazan jiya, kakakin mutanen da suke ci ba tare da sun yi gumi ba. To, a 1886 Gladstone ya kawo ƙudurin ba Ireland, wadda a lokacin take ƙarƙashin Birtaniya, majalisarta ta cikin gida, Chamberlain ya ajiye muƙaminsa, kuma ranar ƙuri'a a watan Yuni 'yan Liberal 93 suka juya wa shugabansu baya, ƙudurin ya faɗi da ratar ƙuri'a 30. Wakilan Ireland suka riƙa kiransa maci amana. Bayan shekara tara, a 1895, sai ga shi zaune a majalisar ministocin wannan Salisbury ɗin da ya zaga. A ganina karin maganar ta hau kansa daidai, kuma ba hawan yabo ba.

Lauyan Talakawa:
Allah ya gafarta Malam, tarihin da ka kawo haka yake, amma ban yarda da hukuncin ba. Karin maganar tana magana ne kan wanda gangar ba a hannunsa take ba, wanda abin da ya rage masa kawai shi ne ya saurara ya bi. Chamberlain ya yi ta nanata cewa Gladstone ne ya sauya, domin ba a kan alkawarin ba Ireland majalisa jam'iyyar ta nemi ƙuri'a a zaɓen 1885 ba. Shi ya yarda a ba mutanen Ireland hukumomin da za su riƙa tafiyar da harkokinsu na yau da kullum, majalisa mai zaman kanta ce ya ƙi. Sannan a duba abin da ya yi bayan ya bar gida. Da matsin lambarsa gwamnatin 'yan mazan jiya ta soke kuɗin makarantar firamare a 1891, kuma shi ne ya tsaya tsayin daka aka yi dokar 1897 da ta tilasta wa masu masana'antu biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki. Mutumin da ya sa abokan gabarsa na jiya suka zartar da manufofinsa ba za a ce ya bi kiɗansu ba. Idan ma akwai wanda rawarsa ta sauya a wannan ƙawance, to Salisbury ne.

Baban Yara:
Lauya, ka taimaka ka daina kawo irin wannan hujja a bainar jama'a, domin kafin jibi wani mai girma zai sa a rubuta masa ita a takardar ficewa. Namu ba sa jiran kiɗa ya sauya, tun makaɗi yana ɗaure ganga suke leƙa gidan da ya kwana. Ni dai ban taɓa jin wanda ya ajiye kujerar minista da motocinta saboda wani ƙuduri ba. Abin da na saba ji shi ne an tuntuɓi masu ruwa da tsaki.

Jikar Inna:
Iyayena maza, ku ba ni dama in sa baki, domin ni a bakin kakata na fara jin wannan magana, kuma ban taɓa jin ta faɗe ta a matsayin nasiha ba. Kakanmu tela ne a wata kasuwa a ƙasar Kano a zamanin NEPU da NPC, gab da zaɓen 1959. Mutum ne mai tsoron fitina da son ciniki, saboda haka ya yanki katin jam'iyyun biyu. Na NPC mai fartanya yana aljihun rigarsa domin ranar da mutanen hakimi za su zagayo rumfuna, na NEPU mai tauraro kuwa ya cusa shi a cikin naɗin hularsa domin samarin da suke kawo masa ɗinki da dare. In aka ce masa Salama ya amsa, in aka ce Sawaba ya amsa a hankali yana waige. Inna ta sani, kuma duk lokacin da ta yi masa magana sai ya ce mata ita mace ce ba ta san duniya ba, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya.

Wata rana ta kwashi kayansa ta tafi wanki ba ta lalube aljihu ba, ko kuma ta lalube ta yi shiru, domin har ta koma ga Allah ba ta taɓa faɗa mana wanne ne gaskiya ba. Katin fartanya ya jiƙe ya dagargaje, sai ɓurɓushi ta kakkaɓe. A makon nan kuma ya kai hularsa wurin mai wankin hula ya manta da abin da ke ciki. Mai wankin hular nan ƙanin wani dogari ne. Da ya ga katin bai ce uffan ba, ya wanke hular tas, ya sa mata sitaci, ya kifa ta a kan gungume a layin huluna da ke shan rana a bakin hanya, sannan ya maƙala katin tauraron a gabanta da allura. Ranar kasuwa ce. Kafin azahar babu wanda bai san hular waye ba, domin kakanmu shi kaɗai ne mai irin wannan aikin zare a garin.

Da aka kira shi ƙofar hakimi ya rantse shi ɗan Salama ne, aka ce ya nuna kati, ya sa hannu a aljihu ya fito da shi wayam. Aka karɓe rumfar aka ba wani. Da ya koma wurin 'yan Sawaba yana neman su tsaya masa, sai suka ce sun daɗe da jin yana da kati biyu, kuma ba su san abin da yake kai wa fada a kansu ba. Ya koma ɗinki a zauren gida, da keken da aka ɗauko masa a ka. Tun daga ranar, ko kuɗin cefane ya yi alkawari ya rage, Inna ba ta faɗa, sai ta dube shi ta ce, "Malam, kiɗan ne ya sauya?" Shi kuma sai ya sa takalmi ya fita masallaci ko da lokacin salla bai yi ba.

Baban Yara:
Allah ya jiƙan Inna da rahama. Hajiya, ina ma a ce wannan mai wankin hula ya bar jikoki a sana'ar, da mun nema musu rumfa kusa da gidajen wasu manya. Amma ki ƙarasa mana, an mayar masa da rumfar?

Jikar Inna:
Ba a mayar ba, Baban Yara, kuma wanda aka ba rumfar ma daga baya aka gane yana da nasa katin a cikin matashi.

Lauyan Talakawa:
Ranki ya daɗe, labarin Inna ya ƙarfafa maganata ne. Kakanku ya ɓoye, Chamberlain kuwa a zauren majalisa ya tashi ya faɗi dalilinsa, ya kuma koma gaban mutanen Birmingham suka sake zaɓensa.

Bamaraɗe:
Ina gaida dattawan zaure. Ina jin kuna auna wannan mutum da ma'aunin mutanen Birmingham, alhali mu ma muna da kaso a cikin labarinsa. Muƙamin da ya karɓa a 1895 shi ne ministan ƙasashen da Birtaniya ta mallaka, kuma ya siffanta waɗannan ƙasashe da gandun da ba a nome ba. Shi ne ya sa aka kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma a 1897 aka damƙa ta a hannun Lugard domin a tare Faransawa a ƙasar Borgu. A zamaninsa aka yi yarjejeniyar 1898 tsakanin Ingila da Faransa, wadda ita da gyare-gyaren da suka biyo bayanta suka shata iyakar da ta bar mu a Maraɗi a gefe guda, danginmu na Katsina a ɗaya gefen. A zamaninsa gwamnati ta biya kamfanin Royal Niger fam 865,000 ta karɓi ƙasar, aka ɗaga tuta a Lakwaja ranar 1 ga Janairu 1900. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, yana kan wannan kujera, duk da cewa lokacin da Kano ta faɗi yana rangadi a Afirka ta Kudu bayan yaƙin da ya jagoranci ƙasarsa ta yi da Turawan Boer.

Mutumin da ya yi kukan talakan Ingila bai ga talaka a nan ba, gandu ya gani. Kuma da aka tsare Sarki Alu aka naɗa Wambai Abbas, mutanen Kano suka ci gaba da kai gaisuwa fada, ba wayo suka yi ba kuma ba amana suka ci ba. A wurinmu karin maganar ta irin waɗannan ce, maganar wanda aka fi ƙarfi yake ba kansa haƙuri da ita. Mai iko ba shi da hurumin aronta.

Malam Na Zazzau:
Bamaraɗe ya kawo fuska ta uku, kuma ban musa ba. Sai dai labarin bai ƙare ba. A Mayun 1903 Chamberlain ya fito da wata sabuwa, cewa a sanya haraji kan kayan da ake shigowa da su daga ƙasashen waje, a sassauta wa na cikin daular Birtaniya. Wannan ya saɓa wa cinikin da ba shinge wanda Ingila ta daɗe a kansa, kuma talaka ya fassara shi da tsadar burodi. A Satumba ya sake ajiye muƙami ya shiga yawon wa'azin manufarsa, sabbin abokansa suka dare biyu, kuma a zaɓen 1906 suka sha mummunan kaye, suka tsira da kujeru 157 kacal, har Balfour da ya gaji Salisbury a matsayin Firayim Minista ya rasa tasa kujerar ta majalisa. A Yulin wannan shekara, kwanaki kaɗan bayan bikin cikarsa 70, shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, ya rayu a haka har 1914. Ya fasa manyan jam'iyyu biyu, bai taɓa zama Firayim Minista ba. Da ni ne dattijon Ɗan Gwale, da wata karin maganar zan ɗauko, wato kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Lauyan Talakawa:
Malam, wane gida? A wannan zaɓe na 1906 da guguwa ta kwashe kowa, kujeru bakwai na Birmingham duka nasa ne. Kuma Winston Churchill ya bar 'yan mazan jiya a 1904 a kan wannan rigimar harajin, ya koma Liberal, bayan shekara ashirin ya dawo, gida bai bar shi ba, har ya shugabance shi. Ɗan Chamberlain ɗin ma, Neville, ya hau kujerar da uban bai samu ba a 1937.

Baban Yara:
Wannan ɗan ne ya je Munich a 1938 ya sa hannu da Hitler ko? To, ga wanda kiɗa ya sauya masa shi kuwa bai ji ba. Mu ma muna da 'ya'yan manya da suka gaji kujera suka bar kunnen a gida.

Na'ibin Unguwa:
Jama'a, limaminmu ya kawo wannan karin magana a huɗubar Juma'ar da ta wuce, kuma ba siyasa yake nufi ba. Yana jan hankalin magidanta ne cewa da tsadar da ake ciki a rage kayan lefe da yawan kwanakin biki. A nan maganar ta zauna lafiya, babu wanda ya ji shaguɓe. Ina ganin kuna ɗora mata nauyin da ba nata ba.

Jikar Inna:
Allah ya gafarta Na'ibi, a sahun maza ne ba a ji shaguɓe ba. Ka tambayi iyayen amare abin da suka ce a hanyar komawa gida.

Bamaraɗe:
Ni har yanzu ina jiran Lauya ya faɗa mini ko dokar diyyar 1897 ta taɓa isowa kan 'yan dakon da suka ɗauki kayan Lugard daga Zungeru zuwa Kano.