Me ya sa mota ke rasa ƙarfi a hawan Mambila?

Ɗan Jalingo:
Salam 'yan uwa, don Allah masu sanin injin ku taimaka. Duk sanda na hau Mambila zuwa Gembu motata sai ta yi sanyi, ina taka totur har ƙasa amma kamar an riƙe ta, ga Hilux mai turbo tana wuce ni abinta. Matsalar injin ce ko me?

Bakanike:
Wa alaikumus salam. Malam lafiyar motarka ƙalau, iska ce. Tsaunin Mambila ya haura mita 1,500 a sama, iskar can ba ta da kauri, injin da ba turbo kuwa abin da ya samu yake shaƙa, duk mita 300 da ka hau kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa ke tafiya, ka lissafa da kanka. Turbo kuma hayaƙin salansa ne ke juya shi, in iska ta ragu sai ya ƙara gudu ya cusa wadda ta ishi injin, shi ya sa asararsa kaɗan ce, sai dai yana ɗaukar zafi sosai kuma yakan ɗan yi nawa wajen tashi.

Direban Jos:
To oga sufacaja fa? ai shi ma cusa iska yake

Bakanike:
Haka ne amma bel ke jan shi daga injin, ba zai iya ƙara gudu don kansa ba, dole ƙarfin ya sauka. A tseren dutsen Pikes Peak na Amurka, mai tsayin mita 4,300, motar lantarki ta Volkswagen ce ta kafa tarihi a 2018 don ita ba ruwanta da iska. Ɗan Jalingo ka dinga sauko da giya da wuri, ka duba filtar iska kafin tafiya.