Muhawara: Wai da gaske CNG ne mafita ga masu abin hawa a Arewa?

Shugaban Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Maganar jiya da daddare ba ta ƙare ba. Alhaji ya ce duk mai abin hawan da bai juya zuwa gas ɗin CNG ba, wato iskar gas ta ƙasa da ake matsewa a tukunya a ɗaura wa mota, to yana cutar aljihunsa yana kuma ɓata mana iskar gari, wasu suka ce ina, ba haka ba ne. Toh ga fili ga mai doki. Banda zagi dan Allah, banda kawo jam'iyya.

Alhajin Kwari: Wa alaikumus salam. Ni har yanzu ina nan kan bakana. Ku tuna kafin 29 ga Mayun 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi lita ba ta kai naira 200 ba a gidan man gwamnati, zuwa watan Yuli ta koma 617, Oktoban 2024 kuwa ta haura dubu. A daidai lokacin gas ana sayar da shi 230 duk ma'auni ɗaya da suke ce wa SCM, kuma SCM ɗaya kusan tafiyar lita ɗaya yake yi maka. Wannan ai ba ya buƙatar kalkuleta. Ni a Abuja aka juya min tawa kuma wlh tun daga nan na daina jin faɗuwar gaba in zan shiga gidan mai. Ga salansa babu baƙin hayaƙi, ga ƙasar nan Allah ya hore mata gas sama da tiriliyan 200 na ma'aunin ƙafa a ƙasa, wani ma ƙone shi kawai ake yi a banza a Neja Delta shekara da shekaru.

Mai Adaidaita na Kurna: Alhaji Allah ya ƙara arziki, amma kai fa mota gare ka ta hawa, kuma rabin watanka a Abuja kake yi. Ni kullum sai na kai balas ko na samu ko ban samu ba. Gidajen da ake shan gas ɗin nan a Kano da yatsun hannu za ka ƙirga su, in na baro Kurna na je na hau layi tun safe lokacin da ƴan makaranta da ƴan kasuwa ke tsaye bakin titi suna neman abin hawa, to arahar da na samu a famfo na zubar da ita a layi, kuma wata rana ka je a ce maka tankar ba ta iso ba. Fetur ko ƙarfe goma na dare ya yanke min zan samu ɗan bumburutu ya zuba min kwalba ɗaya na ƙarasa gida. Gas wa zai zuba min a galan?

Alhajin Kwari: Ai ba cire maka tankin fetur ake yi ba ƙanina. Maɓalli ne, gas ya ƙare ka danna ka koma fetur.

Mai Adaidaita na Kurna: To kaga kenan na biya kuɗin juyi kuma ina ci gaba da shan fetur, riba ina?

Hajiyar Gwale: Ni duk ba lissafin nan ne damuwata ba. Yarana huɗu a adaidaita suke zuwa makaranta. Kun manta abin da ya faru a birnin Benin na jihar Edo a watan Oktoban 2024, mota tana shan gas tukunyarta ta tarwatse mutane suka jikkata, bidiyon ya zagaya ko'ina? Kuma na ji Malesiya ma ta ce a daina amfani da motocin gas daga Yulin 2025. Su da suka daɗe a ciki suna fita mu kuma yanzu muke rububin shiga. Wlh in na ga tukunya a ƙarƙashin kujera ba zan saka yarana ba.

Oga Makaniki: Hajiya ki yi haƙuri na ɗan yi bayani dan aikina ne. Mutane suna haɗa gas ɗin girki da CNG alhali ba abu ɗaya ba ne ko kusa. Na girki a tukunya ruwa-ruwa yake kuma matsinsa bai fi 10 ba a ma'aunin matsi da ake ce wa bar, shi ko CNG matse shi ake da ƙarfin kusan bar 200, shi ya sa tukunyarsa ba a yin ta da walda, ƙarfe ne guda ɗaya mai kauri babu ɗinki, kuma nauyinta a mota ya kai na babban mutum. Ta Benin ɗin abin da hukuma ta ce shine tukunyar ba ta ƙa'ida ba ce, haɗa ta aka yi a wajen mai walda. Wannan ai ba gas ne ya yi laifi ba, bam mutum ya ɗaura wa motarsa da hannunsa. Sannan CNG ya fi iska rashin nauyi, in ya yi yoyo sama yake tashi ya baje, na girki ne yake kwanciya a ƙasa ya taru yana jiran ashana. Fetur ɗin da muka saba da shi kuwa ki tuna Majiya a Jigawa a wannan watan na Oktoban 2024, tanka ta faɗi mutum sama da 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu.

Malesiya kuma tukwanensu ne suka tsufa, wa'adinsu wajen shekara 15 ne kuma da yawa sun kai, ga masu motar sun fara cusa tukunyar girki a madadinta. Inda nake tare da ke Hajiya shine nan: mu wa zai bi sawun tukwanen nan bayan shekara goma? Ƙa'ida ita ce duk bayan ƴan shekaru a sauke tukunya a gwada ta, mu da ko taya sai ta nuna waya muke canzawa.

Hajiyar Gwale: Amin. To Oga ai ka ƙara min tsoro ne ba ka rage ba.

Oga Makaniki: Hhhh gaskiya ce dai Hajiya. Kuma Alhaji bai gaya muku but ɗin motarsa ya tafi ba, tukunya ta cinye fiye da rabi, bayan mota ya zauna, shokozoba na shan wahala, kuma mota tana ɗan rage ƙarfi a hawa. Amma fulogi da baƙin mai suna daɗewa da tsafta, wannan kam na gani da idona.

Malamar Kimiyya: Ni ɓangare na biyu na maganar Alhaji nake so mu dawo, wato cewa gas man tsafta ne. Yallaɓai ya fi fetur tsafta, amma ba tsaftatacce ba ne. Shi ma daga ƙasa ake haƙo shi kamar fetur, kuma in ya ƙone iskar kabon yake fitarwa, ragin da ake samu bai wuce kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ba. Abin da ba a faɗa a talla shine CNG ɗin kansa iskar metan ce, ita kuwa in ta tsere ba tare da ta ƙone ba, cikin shekara 20 tana riƙe zafi sama da ninki 80 na iskar kabon. Kenan ɗan yoyo kaɗan a rijiya, a bututu, a gidan gas, ko a tiyon da wani yaron gareji bai ɗaure da kyau ba, ya isa ya cinye ribar da aka ce an samu wajen ɗumamar yanayi. Inda na yarda da ku ɗari bisa ɗari shine numfashinmu, duk wanda ya tsaya a Ƙofar Ruwa ko Bata da yamma lokacin hunturu ya san yadda ido ke yaji, a nan gas zai taimaka dan ƙurar hayaƙinsa kaɗan ce sosai, musamman in manyan motocin dizal aka juya.

Alhajin Kwari: Malama to gas ɗin da ake ƙonawa a banza a Ribas da Bayelsa fa? Gara a ƙona shi a sama ko a ƙona shi a injina?

Malamar Kimiyya: Gara a injinka Alhaji, in har shi ɗin ne aka tara aka kawo maka. Amma juya motarka ba shi ke kashe wutar can ba, sai kamfanin mai ya kashe kuɗi ya saka injinan tarawa da bututu, in tarar ƙonawa ta fi masa sauƙi ƙonawa zai ci gaba da yi ko Kano gaba ɗaya ta koma gas.

Ɗan Zariya a Indiya: Ina biye da ku daga nan. Delhi misali ce mai goyon bayan Alhaji, kotun ƙoli ce ta ba da umarni a 1998 cewa motocin haya su koma CNG, zuwa ƙarshen 2002 bas-bas ɗin gari sun koma, kuma adaidaitansu masu kore da ɗorawa a gas suke tafiya har gobe, irin Bajaj ɗin da muke hawa a gida ne daga kamfani suke fitowa da tukunyarsu. Iska ta gyaru na ƴan shekaru, sai motoci suka yi ta ƙaruwa ga ƙonon gonaki a Punjab, yanzu duk Nuwamba Delhi na cikin garuruwan da suka fi ƙazamar iska a duniya. Amma wanda ya kamata mu kalla da kyau Pakistan ce. Gwamnati ta yi ta kiran mutane da araha har motocin gas suka kai wajen miliyan 3, babu ƙasar da ta kai su a lokacin, sai gas ya gaza, ana rabawa tsakanin gidaje da masana'antu da masu takin zamani, aka koma rufe gidajen gas kwanaki a sati musamman da sanyi, layi ya koma kilomita. Mutum ya sayar da kadara ya juya mota ya dawo yana shan fetur.

Mai Adaidaita na Kurna: Yauwa Allah ya yi maka albarka, abin da nake tsoro kenan. Ko a nan 230 ɗin da Alhaji ke ta faɗa ai an ƙara a 2025. Yau a jawo mu da araha, gobe mun shiga a ce babu tallafi.

Alhajin Kwari: Ko an ƙara ya fi fetur araha. Kuma Pakistan ƙarancin gas ne ya kama su, mu namu yawa ne ya yi mana. Ku jira bututun gas na AKK ya fara kawowa ku gani, kilomita 614 daga Ajaokuta ta Abuja ta Kaduna har Kano. Kuma Dangote da ya yi odar manyan motoci 4,000 masu CNG dan rabon mai kuna ganin bai iya lissafi ba ne?

Baba Tsohon Direba: Alhaji ɗana, bututun nan Buhari ya ƙaddamar da aikinsa ƙarshen Yunin 2020 aka ce shekara biyu, mun ga yadda shekara biyun ta miƙe. Kafin ya zo gas ɗin Arewa a bayan tanka yake tahowa daga kudu, ranar da hanyar Lokoja ta toshe ko ruwa ya shanye ta kamar 2022 shikenan kowa ya ajiye. Dangote kuwa shi zai gina wa kansa wajen shan gas ɗinsa, ba zai bi layi bayan yaron nan na Kurna ba.

Ɗan Sola: Ni dariya ma kuke ba ni wlh, ana ta rigima kan gas duniya ta wuce wajen. Lantarki ne gaba. Ku je Maiduguri ku gani, Mustapha Gajibo tun tuni yake cire injin ƙananan bas yana saka batir suna ɗaukar fasinja, gwamnatin Zulum ma ta fito da tasi masu lantarki a ƙarshen 2023. Habasha tun 2024 ta hana shigo da ƙananan motocin fetur. Babu juyen baƙin mai babu fulogi babu salansa, kuma ranar da muke kuka da ita a watan Afrilu ita ce man.

Baba Tsohon Direba: Habasha dam gare su a kan kogin Nilu da ya fi duk na Afirka girma. Mu a Oktoban 2024 da layin wuta ya lalace Arewa ta fi sati a duhu, waya ma sai ka biya aka yi maka caji, da adaidaita na lantarki ne da a kafaɗa za mu ɗauki fasinja.

Ɗan Sola: Baba shi ya sa na ce sola ban ce NEPA ba.

Malamar Kimiyya: Ɗan Sola ka fi kusa da ni amma kar ka yi irin ta Alhaji kai ma. In da janareton dizal za a yi cajin to hayaƙin ka ɗauke daga titi ka mayar bayan shago ne kawai. Batirin kuma lithiyom ne da ake haƙa har a Nasarawa, wasu da kobal wanda kusan kashi 70 na duniya daga Kwango yake fitowa, a je a ga yanayin ramukan. Kuma zafinmu yana rage wa batir kwana, in ya mutu wa zai karɓa ya sarrafa, ko bola za a kai yara ƴan jari bola su fasa?

Mai Adaidaita na Kurna: Ni dai duk wanda zai ba ni a bashi ina biya kullum zan karɓa, gas ne ko batir. An ce gwamnati na juyawa ƴan haya kyauta ta hannun ƙungiya, mun ba da suna har yanzu muna jira.

Alhajin Kwari: To ƙanina mu daina dogon zance. Ina da adaidaita ɗaya a ajiye, zan biya a juya ta a wajen masu lasisi, Oga ya duba tukunyar da takardarta kafin a ɗaura, kai ka ja ta wata uku kana rubuta abin da ka sha da abin da ka samu, sai mu kawo littafin nan kowa ya gani.

Oga Makaniki: Na yarda, amma ni zan karanta shekarar da aka buga a wuyan tukunyar da kaina, in na ga alamar walda ko an kankare lamba ba ruwana.

Mai Adaidaita na Kurna: Na karɓa Alhaji da sharaɗi ɗaya, duk ranar da na je aka ce babu gas ko layi ya cinye min safiya, balas ɗin ranar rabi zan kawo.

Alhajin Kwari: Rabi kuma? Kai yaron nan. Kashi biyu cikin uku dai, kuma sai ka turo hoton layin.

Hajiyar Gwale: Ku faɗa min lambar adaidaitan dan Allah, na san wadda yarana ba za su hau ba sai wata ukun sun cika.