Sa hannu a takardar koke zai iya kawo mana rumfar zaɓe kuwa?

Maman Ikilima, Gombe:

Assalamu alaikum jama'a. Ni malamar firamare ce. Shekara huɗu ke nan da muka tashi daga Jekadafari muka koma sababbin filayen nan na bayan Tumfure, inda maigidan ya samu ya kafa mana ɗaki uku. Kaya sun tashi, yara sun sauya makaranta, amma katin zaɓena yana nan a Jekadafari.

Ranar 25 ga Fabrairun 2023 na ga ta kaina. Kun san ranar zaɓe ana hana zirga-zirga, babu Keke babu acaɓa. Na goya Ikilima, ni da maƙwabciyata muka taka tun da sassafe, ba mu dawo ba sai bayan la'asar, ƙafa duk ta kumbura. Abin da ya fi ci mini rai surukata ce. Tsohuwar nan tana alfahari da cewa tun 1979 zaɓe bai taɓa wuce ta ba. Ran nan gwiwa ta hana, ta wuni a tsakar gida da katinta ƙulle a bakin zani, tana tambayar duk wanda ya shigo ko an samu mota. Da na tambayi matan da muke adashe tare, mu 31 ne, tara kaɗai suka jefa ƙuri'a. Sauran duk labarinsu ɗaya: mai kati a Bolari, mai kati a Pantami, wata ma nata a Kumo.

Ina da ƙane da ke karatu a Amurka. Tun lokacin da ɗan sanda ya kashe baƙar fatar nan George Floyd yake turo mini takardun koke ta WhatsApp, ya ce Yaya ki sa sunanki. Nakan sa, ko da ban san inda sunan ke tafiya ba. To shi ne na ce me zai hana mu yi namu? Na sayi littafi mai layi, na bi gida-gida bayan an tashi makaranta, yanzu ina da suna 140, wasu da sa hannu wasu da dangwale, muna roƙon a ba mu rumfar zaɓe a unguwarmu. Maigidan yana dariya, wai aikin baban giwa nake yi.

Tambayata biyu ce. Can Amurka, wannan sa hannun ya taɓa sauya wani abu da gaske, ko dai huce haushi ne? Sannan ni da littafina, wa zan kai wa?

Ɗan Bolari a Atlanta:

Wa alaikumus salam, Malama. Shekara bakwai ina tuƙa mota a Jojiya, bari in faɗa miki abin da na gani.

Takardar George Floyd da kike magana, wadda aka buɗe a shafin intanet na Change.org bayan kisansa ranar 25 ga Mayun 2020, ta tara sama da mutum miliyan 19. Ni ma sunana yana ciki. An ɗaure ɗan sandan da ya danne masa wuya shekara 22 da rabi, gaskiya ne. Amma abin da aka ɗora gaban kotu bidiyon da wata yarinya mai shekara 17 ta ɗauka ne da wayarta, da shaidun da suka tsaya a wurin, ga kuma jama'a da suka cika tituna makonni. Dokar gyaran aikin 'yan sanda da aka raɗa wa sunansa ta wuce a majalisar wakilai, ta je ta maƙale a ta dattawa. Miliyan 19 ɗin ba su ciro ta ba.

Akwai wani sa hannun daban, shi ne mai haƙori. A jihar Filorida, a da, wanda ya taɓa aikata babban laifi, ko ya gama zaman kaso, ba shi da ƙuri'a, kuma baƙaƙen fata abin ya fi shafa. Tsarin mulkin jihar ya ce in aka tara adadi kaza na sa hannun masu rajista, dole a kai maganar gaban masu zaɓe. Adadin a lokacin 766,200 ne, kuma ana tantance kowane ɗaya. Tsofaffin fursunoni da iyalansu suka yi shekaru suna tsayawa bakin kantuna da majami'u da takarda a hannu. A Nuwamban 2018 aka kaɗa ƙuri'a, kusan kashi 65 cikin 100 suka amince, aka ce mutum wajen miliyan 1.4 za su amfana. Tsugune kuma ba ta ƙare ba, domin a 2019 majalisar jihar ta ce sai mutum ya biya duk tarar da kotu ke binsa tukuna, da yawa suka sake komawa waje.

Kin ga bambancin? Na farko kowa daga ko'ina yana dannawa, har ke daga Tumfure. Na biyu doka ce ta ce in kun kai kaza, dole a yi kaza.

Nan Jojiya kuma ba takarda ce ta yi aiki ba. Bayan Stacey Abrams ta faɗi takarar gwamna a 2018, ita da ƙungiyoyin mata baƙaƙe suka duƙufa yi wa mutane rajista. Sau uku ana buga mini ƙofa, alhali ni ko ƙuri'ar ba ni da ita. A 2020 tazarar zaɓen shugaban ƙasa a jihar ba ta kai ƙuri'a dubu 12 ba. Littafinki ya fi kama da wannan aikin, don ke kin san gidan kowane suna.

Sarkin Shakka:

Hajiya ki yi haƙuri, ni ina bayan maigidanki. Wannan Najeriya ce. Za a karɓa, a buga hatimi, a ce za a duba. Kuma ki yi hattara da littafin nan. A unguwarmu an taɓa tara sunaye da lambobin kati wai za a kawo taransifoma, ashe wani mai neman kujera ne ya kai wa ubangidansa a matsayin mutanensa. Wuta ba ta zo ba, shi ya samu mota. Duk wanda ya ce ki ba shi ya kai miki, ki ce Allah ya ba da lada.

Baba Mai Ritaya, Jahun, Bauchi:

'Yata, Allah ya yi miki albarka. Da na karanta labarin surukarki sai da na cire tabarau. Ki tambaye ta dalilin da lissafinta ya fara daga 1979. A zaɓen 1959 matan kudu sun jefa ƙuri'a, matan arewa ba su da ita. Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU ta sha ɗauri a kan wannan magana, ana cewa har sau 16, ta sha duka, an aske mata kai. Sai a 1976 aka buɗe wa matanmu ƙofa a zaɓen ƙananan hukumomi, 1979 kuma suka zaɓi shugaban ƙasa karon farko. Mahaifiyata ta rasu ba ta taɓa dangwalawa ba. Saboda haka in wani ya ce miki wannan abu na Turawa ne, ki ce masa a'a.

A nan garin namu ma, a shekarun 1940, Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, lokacin yana koyarwa a Midil ta Bauchi, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suna da zauren muhawara inda ake yi wa hukuma tambayoyi, ana rubuce-rubuce. Su nawa ne? Ba su kai mutanen littafinki ba.

Shi ɗana na Atlanta ya tsaya a na kwanan nan, bari tsoho ya koma baya kaɗan, don na koyar da tarihi shekara 32. A kudancin Amurka ba a rubuta ƙarara cewa baƙar fata ba zai yi zaɓe ba. Dabara aka yi. A ce sai ka biya harajin ƙuri'a, a ce sai ka karanta wani sashe na tsarin mulki ka fassara har magatakarda ya gamsu, shi kuwa ba ya gamsuwa. A buɗe ofishin rajista kwana biyu a wata. A Misisipi a 1964 baƙaƙen da ke da rajista ba su kai kashi 7 cikin 100 ba. Wata manomiya, Fannie Lou Hamer, ta je yin rajista a 1962, mai gonar ya kore ta daga gidan da take ciki. Ranar 7 ga Maris 1965 mutum kusan 600 suka fito daga garin Selma za su taka zuwa Montgomery don neman 'yancin zaɓe, 'yan sanda suka tare su a kan gada da kulake da hayaƙi mai sa hawaye, aka fasa wa John Lewis, ɗaya daga cikin jagororinsu, kai. Watanni biyar bayan nan, 6 ga Agusta, Shugaba Johnson ya sa hannu a dokar 'yancin zaɓe. Zuwa 1967 rajistar baƙaƙen Misisipi ta kai kusan kashi 60.

Ban ce halinku ɗaya ba, ku ba wanda ya tsaya muku da kulki. Amma nisa ma yana hana zaɓe, kuma mata da tsofaffi yake fara kayarwa. Ki je wurin mai unguwa da littafin, kada ki tsallake shi. Ki tafi da dattawa biyu da limamin masallacinku, in akwai coci a layin ki gayyaci nasu shugaban. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Barista Ƙarama:

Anti, ni zan ɗan ɓata miki lissafi, amma don alheri.

Abin da Yaya na Atlanta ya faɗa game da sa hannu mai haƙori, mu ma muna da guda: kiranye. Sashe na 69 na tsarin mulki ya ce in fiye da rabin masu rajista a mazaɓa suka sa hannu, ana iya shirya ƙuri'ar dawo da ɗan majalisar tarayya gida, sashe na 110 kuma na 'yan majalisar jiha ne. Har yau ba wanda aka taɓa dawowa da shi. A kan Sanata Dino Melaye an kai sa hannu sama da dubu 180, da aka fito tantancewa a Afrilun 2018 waɗanda suka tabbata ba su kai dubu 19 ba. Suna a takarda daban, mutum ya fito da ƙafarsa daban. Yunƙurin da ya yi nasara shi ne na rage shekarun tsayawa takara. Matasa suka bi majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya, don ana buƙatar 24 cikin 36, har Shugaba Buhari ya sa hannu ranar 31 ga Mayun 2018, ɗan shekara 25 ya samu damar neman majalisar wakilai ko ta jiha.

Neman rumfa ba ya cikin wannan sahun. Babu adadin da za ki tara ya zama dole. Kuma ba abu ne da ake yi kullum ba: tun 1996 ba a ƙara rumfuna ba sai a 2021, lokacin da INEC ta kai su 176,846 daga 119,974. Ga inda nake so ki duba da kyau. Da yawa cikin sababbin nan mutane ba su koma cikinsu ba, har a zaɓen 2023 aka sanar da rumfuna 240 da ba za a yi zaɓe a cikinsu ba saboda babu ko mutum ɗaya mai rajista. Yana yiwuwa akwai rumfa kusa da ku da ke jiran mutane.

Ko da an kafa muku sabuwa a ƙofar gida, mai katin Bolari ba zai yi zaɓe a cikinta ba sai ya nemi a sauya masa. Ana yin wannan lokacin da aka buɗe rajista, a ofishin ƙaramar hukuma ko a fara ta intanet, kyauta ne, kuma ana rufewa watanni kafin zaɓe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku Tumfure ƙarƙashin Akko kuke, ba Gombe ba, kada ki ɓata kuɗin mota. In za ki rubuta takarda duk da haka, ki yi kwafi biyu, a buga miki hatimin karɓa a ɗaya ki dawo da shi. Littafin asali kada ya bar hannunki, a nan ina tare da Sarkin Shakka. Lambobin katin mutane kuma kada ki rubuta su sam.

Maman Ikilima, Gombe:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, na karanta wa surukata abin da ka rubuta, ta ce ita ta ga Gambo Sawaba da idonta tana yarinya, daga nan ta ɓalle da labari har tuwo ya huce.

Barista, kin yi gaskiya kuma na ji kunya kaɗan. Jiya bayan azahar na je wurin mai unguwa, ya ce ai akwai rumfa a makarantar da ke bayan gidan man nan, tafiyar minti goma daga gidanmu. Ranar zaɓe wai kafin azahar sun gama, jami'an na zaune suna korar ƙuda, ni kuwa ina can ina jan ƙafa da goyo. Kullum ina wuce wurin.

Yanzu na ja layi biyu a littafin. Ɗaya na rubuta inda katin kowa yake, ɗaya kuma ko yana da babbar waya. Na riga na bi gida 23. Matan adashe sun yarda ranar da za a je ofis mu cire kuɗin Keke daga asusu, mu riƙa tafiya shida-shida, tsofaffi a gaba. Mutum uku sun ce in goge sunansu tun da ba rumfa za a kawo ba, wai sun ɗauka da rabon wani abu. Na goge.

Maigidan har yanzu yana cewa aikin baban giwa, amma da safe na ga ya ajiye katinsa a kan littafin. Saura tambaya ɗaya, Barista: surukata ba ta iya hawa Keke sai an ɗaga ta. Dole ne sai ta je da kanta, ko jikanta zai iya fara mata ta waya?