Lalle, darbejiya ko bagaruwa: wanne zai hana asid cin ƙarfe?

Ɗaliba daga Yalwa: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina ajin ƙarshe, aikina kan yadda ruwan ganye ke rage cin da asid ke yi wa ƙarfe ne. Asid ɗin haidurokolorik na nan, mai walda ya yanko min ƙarafa ƙanana guda 30. Ganyen ne na rasa wanda zan zaɓa. Don Allah a ba ni shawara.

Malamin ɗakin gwaji: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ɗauki lalle. Sinadarin nan da ke rina hannun amare, loson, yana da zobba da ƙwayoyin oksijin a ƙirarsa, kuma su ne ke manne wa fuskar ƙarfe su yi mata shimfiɗa, asid ya rasa wurin kamawa. Sirrin ke nan: sinadarai da yawa masu naitirojin, salfa ko oksijin sukan lafe a jikin ƙarfe. Ki nemi ganyensa, ki bar garin leda, don wani ana gauraya shi. Ki shanya a inuwa, ki daka, ki jiƙa a itanol (barasar ɗakin gwaji), ki tace.

Baba mai walda: Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma mahaifina majemi ne. Wuƙa in ta kwana a ruwan bagaruwa, da safe sai ka tarar ta yi baƙi ƙirin, kuma takan daɗe ba ta yi tsatsa ba. 'Yata, ki duba bagaruwa.

Malamin ɗakin gwaji: Baba, abin da kuka gani gaskiya ne. Tanin, sinadarin jima da ke cikin bagaruwa, shi ne ya haɗu da ƙarfe ya yi wannan baƙin. Sai dai asid mai ƙarfi na narkar da baƙin, don haka kada ta ɗauka za ta ga irinsa a kofinta. Amma zan so ta gwada su biyun ta kwatanta.

Tsohuwar ɗaliba, Gombe: Ƙanwata, ganyen ba shi ne matsala ba, ma'auni ne. Ni da darbejiya na yi nawa, kuma wata guda cur ya tafi a banza. Na manta ban ajiye kofi ɗaya na asid zalla ba, to da me zan kwatanta? Sannan na riƙa auna ƙarfen da sauran laima a jikinsa, har wani ya fito ya fi nauyin da na saka shi. Ranar na yi kuka. Ki goge kowane ƙarfe da samfefa har ya yi ƙyalli, ki wanke da asiton (ruwan sinadari mai cire maiƙo), ki busar, ki kama shi da hantsaki, kada ki taɓa da yatsa. Kowane gwaji sau 3. Don sanin kashin kariyar, ki ɗebe asarar nauyin ƙarfen kofi mai ganye daga ta ƙarfen kofin asid zalla, ki raba da ta zallan, ki ninka da 100. Kuma kada ki dogara da zafin ɗaki, na hunturu daban, na bazara daban. Ki sa kofunan a ruwa mai tsayayyen zafi: digiri 30, 40, 50, 60. In kariyar na raguwa yayin da zafi ke hawa, yawanci mannewar ta sama-sama ce.

Injiniya daga Tudun Wada: Ku ƙara mata da batun heksamin, wani sinadari mai kare ƙarfe daga asid. Giram 3.5 da mililita 500 na asid ɗin, a cika da ruwa zuwa lita 1, da shi ake wanke tsatsa ba tare da an ci lafiyayyen ƙarfe ba. In aikin haƙar man fetur na Kolmani ya kankama za a nemi masu wannan ilimi, don rijiyoyin mai akan ɗura musu asid mai kashi 15 cikin 100, bututun kuwa ƙarfe ne.

Malamin ɗakin gwaji: Asid ake zubawa cikin ruwa, a hankali, ba ruwa cikin asid ba. Kumfar da za ki ga tana tashi iskar haidurojin ce, ban da wuta a kusa, taga a buɗe.

Ɗaliba daga Yalwa: Allah ya saka da alheri. Gobe zan shiga kasuwar Wunti neman ganyen lalle. Baba, bagaruwar fa, ɓawon nake so ko har da 'ya'yan?

Baba mai walda: Ɓawon, 'yata. A zubar da 'ya'yan, haka mahaifina ke yi.