Yaran shagona da sun iya aiki sai su gudu, ina mafita?

Tela_Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu riƙe da ma'aikata ku ban shawara. Ina da shagon ɗinki a Aboabo nan Kumasi, aiki na shigowa alhamdulillah, amma yaran da nake koya wa da zarar hannunsu ya faɗa sai su ɗauke ƙafa, wani ma ana gab da Sallah ya tafi ya bar ni da shaddodin mutane jibge kan tebur. Kuɗin abinci kullum ina ba su, ban taɓa dukan ɗan kowa ba. Yaya mutum zai riƙe yara har su ɗauki shago kamar nasu?

Hajiya_mai_atamfa:
Wa alaikumus salam ɗana. Tambaya ɗaya zan maka, yaron nan ya san ranar da za ka yaye shi? Iyayenmu da suka yi fataucin goro tsakanin Kumasi da Salaga har Kano haka suka riƙe yaransu, ci da sha da wurin kwana na maigida ne, ya yi maka aure, ƙarshe ya yanka maka jari ka tsaya da ƙafarka, shi yasa yaro ke jure rana da ruwa dan ya san inda ya dosa. Kai ma ka kira waliyyin yaron ku zauna ku yanka lokaci, ko shekara 3 ce, ka ce ranar sallama ga keken ɗinki, kuma ka cika. Sannan faɗa, wannan shi ya fi min ciwo wlh, kar ka taɓa zagin yaro gaban kwastoma. Yarinyar da ke tsare min shago a kasuwar Kejetia in ta yanka yadi ba daidai ba shiru nake har kasuwa ta tashi mu ja ƙofa, sannan mu yi magana mu biyu. Yabo ne nake yi da ƙarfi har maƙwabta su ji.

Ɗan_Nima:
Mama gaskiyarki, amma a yi min afuwa akwai saura. Wanda ya iya yanka ya iya haɗa riga shi kaɗai ai ya wuce ɗan koyo, ma'aikaci ne, kuɗin koko da ƙosai ba zai riƙe shi ba. Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta ce awa 8 a rana, 40 a sati, da hutun kwana 15 na aiki duk shekara da biya, sannan a SSNIT, wato asusun fanshon ma'aikata na Ghana, maigida na zuba kashi 13 cikin ɗari na albashin, shi ma'aikaci 5.5. Nasan ƙaramin shago ba zai ɗau duka lokaci guda ba amma ka fara da wanda ya fi daɗewa. Kwanan zaune da suke yi na ɗinkin Sallah kuma a biya shi daban, kowace riga da kuɗinta, ka tura ta MoMo (kuɗi ta waya) a ranar ba sai ya zo yana sosa ƙeya ba. Annabi (SAW) ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe.

Bakanike_Suame:
Masta ka taɓa zama ka tambaye su me ke damunsu? Nemi wanda ya tafin, ba da faɗa ba, ka ji ta bakinsa. Ni a garejina babban yarona shi ke riƙe makulli shi ke yin ciniki in bana nan, ko ya yi araha bana warware maganarsa gaban mai mota. Kuma ranar da aiki ya kai mu dare tare muke kwana wajen.

Tela_Aboabo:
Allah Ya saka da alheri baki ɗaya. Hajiya in Allah Ya kai mu Juma'a bayan masallaci zan je wajen baban ƙaramin cikin yaran. Ɗan_Nima dan Allah rajistar SSNIT ɗin sai shago na da takardar rajista ne, ko da katin ɗan ƙasa (Ghana Card) kawai zan iya farawa?